Soson da Ba a Wankewa

Aikina wanke kayan tiyata ne. Almakashi, ƙarafan kama jijiya, 'yan kwanonin ƙarfe, duk abin da likita ya tsoma a jikin mutum wurina yake dawowa, can ɗakin ƙasa na asibiti, in jiƙa, in goge, in ɗauraye, in naɗe, in jera a tukunyar tururi. Shekarun da na yi a wannan aiki sun isa a haifi yaro har ya yi gemu. Tsakanin yatsuna ya yi fari saboda sabulu, kuma ko gidan mutane na je, in na ga datti a bakin kofi sai na ji babban yatsana yana motsi shi kaɗai. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin matar da aka damƙa wa ajiyar ƙazanta.

Ƙanena Dogo ne ke zaune a ɗakina na biyu. Ni na goya shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na yi masa wanka har ya fara jin kunyata. Direban injin ɗaga kaya ne a wurin gine-gine, irin dogon ƙarfen nan da mutum ke zama a ƙwanƙolinsa yana kallon mutane kamar kiyashi. Wata rana sarƙa ta tsinke, damin rodi ya sauko kan mutumin da ke ba shi hannu daga ƙasa, nan take ya cika. Sun daɗe suna aiki tare, a kwano ɗaya suke cin abincin rana. An yi bincike, aka ce laifin sarƙa ne, direba ba shi da laifi. Dogo ya saurara, ya gyaɗa kai, ya zo gidana da jaka ɗaya ya ce zai kwana biyu. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Da farko na yi faɗa, don shi na fi iyawa. Na yi lallashi, ban iya ba, ya fito kamar faɗa. Sau ɗaya na yi kuka a bakin ƙofarsa, ban ji motsi daga ciki ba, na share fuskata na je na wanke tukunya. Akwai wani likita a benen asibitinmu da ke duba masu irin wannan ciwo, ya ce in kawo shi. Na ce wa likitan mutumin da bai sauka matattakalar gida ba, da me zan kawo shi, da ƙugiya? Daga nan sai abin ya zama aiki cikin ayyuka. In ajiye faranti a ƙofa, in tafi asibiti, in dawo in ɗauke faranti. Wani lokaci an ci rabi, wani lokaci an ture shinkafar gefe ɗaya kawai. Takalmansa na aiki na wanke su, na sa a leda, na ɗora kan kabad. Ban ƙara jin haushi ba, ban ƙara jin tausayi ba. Damina ta wuce, wata ta kusa zagayowa, muna nan.

Tankin kuwa tsintarsa na yi. Mutanen da ke ƙasa da mu sun tashi, suka bar wani akwatin gilashi a kan matattakala, tsawonsa ya kai hannu biyu, ƙura ta rufe shi. Na kinkimo shi ina haki, niyyata in riƙa zuba albasa da dankali a ciki, ɓera ya gani ya haƙura. Na wanke shi tas na ajiye a kan teburin falo ya bushe.

Washegari na dawo daga aiki na tarar da mutum tsugune a falona. Sai da na tsaya da jaka a kafaɗa kafin na gane bayan ƙanena ne. Gashi ya cika masa ƙeya, rigar ta yi masa yawa. Ya cika tankin da ruwa har baki, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashi, yana bin kowace kusurwa da yatsa.

“Ba ya yoyo,” ya ce, bai juyo ba.

“Na albasa ne,” na ce.

“Na kifi ne, Yaya.”

“To yanzu na albasa ne.”

Ya ci gaba da bin kusurwa da yatsa. Na shiga kicin na ɗora ruwa, na tsaya ina kallon tukunya. Da na fito yana nan inda yake. Na ce masa in kifi yake so ya faɗi irin wanda yake so, kada ya sa in yi ta tsayuwa.

Ya ce fileko. Ban taɓa jin sunan ba. Ya nuna mini a waya: wani kifi ne dangin tarwaɗa, launin ƙasa da ɗigo-ɗigo, bakinsa a ƙarƙashin kai kamar bakin butar shayi da aka kifa, da shi yake manne wa gilashi ko itace yana kankarar abin da zai ci. Na ce duk kifayen duniya masu ja da ruwan ɗorawa, wannan mummunan ka zaɓa? Ya ce 'yan ƙanana yake so, waɗanda ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce ba sa son a kalle su.

Shagon kifin yana bayan rumfar mai faci, wani siririn ɗaki ne mai warin ruwan da ya kwana. Mai shagon mace ce, ta manyanta, hannun rigarta kullum a jiƙe har gwiwar hannu, kuma da hannun nan take gyara ɗankwalinta, da shi take karɓar waya. Tun shigata ta farko na ƙi ta a raina. Na kira Dogo na miƙa mata wayar, na tsaya gefe ina tattare siket ɗina kada ya taɓa bango. Suka yi ta magana. Ina jin muryarsa tana fitowa sama-sama daga wayar, tambaya bayan tambaya. Maganar da ya yi da matar nan a ranar ta fi wadda ya yi da ni tun zuwansa.

Haka na zama 'yar aike. Yashi mai laushi, don mai kaifi yana yanka musu ciki. Guntayen bututu da fasasshen kaskon fure, don kowanne yana son raminsa shi kaɗai. Wata saiwar itace mai karkace-karkace, wai dole ce, sai suna gurzar itace cikinsu ke aiki. Sai matata, wani ɗan baƙin akwati da ake ratayawa a gefen tanki, ya ja ruwa ta ƙasa ya zubo shi ta sama. Ruwan famfo ma ba a zubawa haka nan, sai an tara a bokiti an ɗiga masa wani magani da ke kashe wanda 'yan famfo suke sawa. Falona ya cika da bokitai, na riƙa tsallake su in je banɗaki. Cikin duka aikin abu ɗaya aka yarda in yi, dafa saiwar nan a babbar tukunya har ta daina fitar da jan ruwa ta yarda ta nutse. Na dafa ta da zuciya ɗaya.

Zuwana na gaba matar ta buɗe matatar wani tsohon tankinta, ta zira hannu ta zaro wani abu baƙi yana ɗiga. Soso ne, amma sai an faɗa maka. Ya yi yauƙi, wani laka-laka yana zuba daga jikinsa. Ta jefa shi a leda, ta kamfato ruwan tankin ta ƙara, ta ƙulle ta miƙo mini.

“Wannan kyauta ne. Ki kai masa yanzu, kada ya bushe. Kuma kada ki wanke.”

“Kyautar kenan?” na ce.

“Ya fi duk abin da kika saya. Akwai 'yan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da ke fita daga kashin kifi. In babu su, ruwan zai yi kyau a ido, kifin ya mutu a ciki.”

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, 'yan halittun da ido ba ya gani ai ni na san su, a kansu nake cin abinci, kuma ban taɓa jin wanda aka yi wa godiya ba. Na ɗauka ƙazantarta ce kawai take yi wa kwalliya. Na riƙo ledar da yatsa biyu har gida, nesa da jikina. Dogo ya karɓa da hannu biyu, ya zura soson cikin matata, ya rufe murfi, ya kunna, shi ma ya ce kada in wanke.

Sai jira. Tanki ya cika da ruwa, yashi ya kwanta, saiwa ta zauna a tsakiya, bututu a kowane lungu, kifi babu. Kullum da safe Dogo ya fito ya barbaɗa ɗan abincin kifi a ruwan da ba kowa. Na ce masa yau nawa suka ci? Ya ce soson yake ciyarwa. Na ce Allah ya ba soso lafiya. Ya kusa yin murmushi, na gani, amma ban ce komai ba, don na lura in na nuna na ga abu sai ya janye shi.

Ranar da zan je ɗauko kifin, ina ɗaura agogo a bakin ƙofa, ya yi magana yana kallon ruwa.

“Yaya, so nake in gani ko akwai abin da zai rayu a hannuna.”

Na tsaya da agogon.

“In sun girma sun kai tsawon yatsa, zan bi ki wurin likitan naku.”

“In ba su kai ba fa?”

Ya sa yatsa ya goge wani ɗigon ruwa a bakin gilashin. Na ce to, na fita, na rufe ƙofa a hankali.

Guda shida mai shagon ta ba ni, kowanne bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Dogo ya ɗora ledar a kan ruwan tanki ta yi ta yawo, ya riƙa ɗiba da cokali yana ƙara musu ruwan gidan kaɗan-kaɗan, ya ja labule, ya hana ni kunna fitila. Da ya sake su, ban ƙirga uku ba sun ɓace. Ɗaya ya shige bututu, ɗaya ya manne ƙarƙashin saiwa, sauran oho.

“Mun sayi kifi mun ƙare da kallon itace,” na ce.

“Haka ake so.”

Kullum da yamma sai ya yanka kokwamba, ya soke ta da cokali mai yatsu don ta nutse, ya ajiye kusa da saiwa. Da safe mu tarar an kankare tsakiyarta, an bar 'yan sawun baki zagaye-zagaye. Wannan ce shaidarmu cewa muna da kifi. Wani kore-kore ya fara kama gilashin baya, ya ce gansakuka ce, abincinsu ne, kada in taɓa. Ban taɓa ba. Ya dawo da farantinsa falo, yana ci a ƙasa, bayansa jingine da kujera, idonsa a tanki. Wata safiya na ga gashin gemu a kwamin wanke hannu. Na wanke kwamin, ban yi masa magana ba.

Ranar da abin ya faru babu wani abu daban a cikinta. An yi tiyata da yawa, farantan kaya suka yi ta saukowa, na yi ta gogewa har kafaɗata ta daina jin ciwo. Na dawo da la'asar. Dogo yana barci a ɗaki, don in ya sha maganin barci da rana yakan riƙe shi har yamma. Matatar tana wani ƙara, ƙur-ƙur, kamar maƙogwaron mai mura, ruwan da ke zubowa ya ragu. Na ɗaga murfin don in ga abin da ya toshe. Warin ya bugi hancina, na ga soson ya ƙara baƙi, ya kumbura da laka.

Ba zan ce na yi shawara ba. Na san an ce kada a wanke, na ji da kunnena. Amma na ɗauka maganar ta ranar ɗaukowa ce, kuma ko ba ta ranar ba ce, na ɗauka na fi matar nan sanin datti. Hannuna suka yi abin da suke yi tun safe. Na kashe matata, na zare soson na kai kwami. Ruwan zafi da farko. Sai na jiƙa shi a ruwan bilic, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, kamar yadda ake jiƙa burushin aiki. Na ɗauraye, na matse, na sake ɗaurayewa, na yi ta yi har na kai shi hanci ban ji komai ba, don na san bilic guba ne ga kifi, ni ba jahila ba ce. Ashe soson shuɗi ne. Na ɗaga shi a hasken taga na ji daɗi, irin ɗan daɗin da nake ji in na rufe tukunyar tururi. Na mayar, na rufe murfi, na kunna. Ƙaran ya tafi, ruwa ya zubo sumul. Na je na ɗora girki, na manta.

Bayan 'yan kwanaki ruwan ya yi fari-fari, kamar an ɗauraye kofin madara a ciki. Ran nan kuma na fito da safe na ga kifi. Duk shidan, a fili, manne da gilashin gaba can sama kusa da bakin ruwa, cikinsu fari yana kallona, bakunansu suna motsi da sauri.

“Dogo, zo ka ga. Sun saba da mu.”

Ya fito ya tsaya. Na ga fuskarsa ta koma irin ta ranar da ya zo da jaka.

“Ba sabo ba ne,” ya ce. “Numfashi suke nema.”

Ya kama aiki. Ya zuƙe ruwa da tiyo ya zubar, ya ƙara sabo daga bokiti. Ya daina sa kokwamba. Ya kira matar shagon, na ji tana tambayarsa ko ya cika musu abinci, ko wani ya fesa maganin sauro a falon, ko an sa hannu mai sabulu. Duk ya ce a'a. In ya canja ruwa sai su ɗan lafa, kafin wata safiya su sake hawowa sama.

Na farko ya mutu a bayan saiwa. Dogo ya ciro shi da cokali, ya naɗe a takardar goge hannu, ya rasa inda zai kai shi, ya tsaya da shi a tsakiyar falo har na karɓa. Na biyu da na uku rana ɗaya suka tafi.

Da yammar ranar ina kicin ina yanka albasa, shi yana zaune a ƙasa gaban tanki, yana magana a hankali. Ba da ni yake ba. Yana bin abin da ya yi ne ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na san ya yi ta bin ranar sarƙar nan a ɗaki. Ruwan ya tara, ya sa magani. Yashin ya wanke. Abinci bai wuce ƙima ba. Fitila bai bari ta daɗe ba.

“Soson ma ko murfinsa ban ɗaga ba tun ran da aka sa,” ya ce. “Shi ne ran tankin. Ban taɓa shi ba.”

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Na ji maganar matar nan ta dawo mini tiryan-tiryan, ruwan zai yi kyau a ido, kifin ya mutu a ciki. Na kalli albasar. Na ci gaba da yankawa, ƙanana-ƙanana, har ta wuce yadda ake so.

“Na yi komai daidai,” ya ce. Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. “To, na dai gani.”

Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Na ajiye faranti a bakin ƙofar. Da safe yana nan yadda na ajiye shi, mai ya daskare a kai.

Na tafi aiki. Abokiyar aikina, wadda muke ce wa Rediyo don ba a kashe ta sai dai a rage, ta yi ta ba ni labarin rigimar surukarta da mai gyaran firji. Na riƙa cewa uhm. Na jiƙa, na goge, na ɗauraye, na naɗe. Ban ji tsoro ba, ban ji kunya ba, kaina kawai ya yi fayau kamar ɗakin da aka kwashe kaya. A cikin fayau ɗin nan dabara ta zo mini, kuma dabara ce mai kyau. In biya ta shago in karɓo wani baƙin soson, in zura shi a matata yana barci. Ukun da suka rage su rayu, ya fito ya gansu, ba wanda ya san komai.

Da aka tashi na bi ta can. Na tsaya a rumfar mai faci, yana ta tsoma tayar babur a baho yana neman inda kumfa ke fita. Ina hango ƙofar shagon, ina hango matar tana goge hannu a riga. Na daɗe a tsaye har mai facin ya tambaye ni ko taya na kawo. Abin da ya hana ni shiga lissafi ne mai sauƙi. In na yi haka, uku za su rayu, amma ukun da suka mutu za su zauna a hannunsa, ƙari a kan mutumin da rodi ya danne. Na san ƙanena. Ba zai ƙirga masu rai ba. Na juya na nufi gida.

Farantin rana ma bai taɓa ba. A tanki ukun suna manne a sama, ɗaya ya fara karkata. Na kashe matata, na zare soson. Ya ɗan yi dishi-dishi amma har yanzu shuɗi ne. Na riƙe shi a tafin hannu yana ɗiga a kan tabarma, na je na ƙwanƙwasa, ban jira ba na tura.

Ɗakin duhu, labule a sauke, warin rufaffen ɗaki. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya.

“Tashi ka ga wani abu.”

“Bar ni, Yaya.”

“Ba zan bar ka ba. Juyo.”

Na ɗaga labulen. Ya juyo yana kare ido, ya kalli hannuna. Ya daɗe yana kallo, kamar bai san abin ba.

“Mene ne wannan?”

“Sosonka ne. Ni na wanke shi. Kana barci. Da ruwan zafi da bilic.”

Ya tashi zaune a hankali. Ya karɓi soson, ya juya shi, ya matsa, ruwa fari ya fito. Ya kai hanci.

“Yaushe?”

“Kafin ruwan ya yi fari.”

“An ce miki kada ki wanke.”

“An ce mini.”

“Na ce miki. Ita ma ta ce miki.”

“Kun ce.”

“To me ya sa?”

“Datti na gani,” na ce.

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Rabon da in ga wannan jijiyar tun yana saurayi, ranar da na ba da ƙwallonsa ga 'ya'yan maƙwabta don ta tsufa. Bai ɗaga murya sosai ba, amma ya yi faɗa. Ya ce tun yana yaro haka nake, ba a ajiye abu a gidan da nake a same shi yadda aka bar shi. Ya ce ina jin in na goge abu na gyara shi. Ya ce jiya ina tsaye ina yanka albasa, ina jin sa, na yi shiru na bar shi ya shiga ɗakin nan da abin a kansa. Wannan ta ƙarshen ta shige ni, don gaskiya ce. Ni da ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da uku ba, na tsaya hannuna a jiƙe ina saurara. Kuma Allah ya sani, wani abu a ƙirjina da ya daɗe a daskare ya fara ciwo, na gane daɗi nake ji.

Ya ture ni ya wuce falo, ya tsuguna gaban tanki ya duba ukun.

“Wannan na gefen ba lallai ya kai gobe ba,” ya ce. “Sai an samo wani soson yau. Ta rufe shago?”

“Da saura. Bari in koma in karɓo.”

“Ke?” Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. “Kafin ki iso kin wanke shi a famfon hanya.”

Ya miƙe ya tsaya a tsakiyar falo yana dube-dube, ya leƙa bayan ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin kujera.

“Ina takalmana?”

Na shiga na ɗauko kujerar kicin, na taka, na sauko da ledar daga kan kabad. Ya buɗe, ya ga yadda suke ƙyalli, har igiyoyin na wanke na naɗe su daban. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya zauna ya fara zura igiya. Ya yi ta kuskure ramin. Na sa hannuna a baya na riƙe ɗaya da ɗaya.

“Bayan rumfar mai faci,” na ce. “In ka fita ka yi dama.”

“Na ji.” Ya ɗauki ƙaramin bokiti mai murfi. A bakin ƙofa ya tsaya, ya kalli matattakalar, ya daɗe. Sai ya ce, bai juyo ba, “Kada ki taɓa komai.”

Na ji takunsa, mai nauyi, ɗaya, sai shiru, sai wani. Na je taga. Ya fito titi ya tsaya yana ƙifta ido, mai babur ya yi masa hon, ya matsa gefe. Ya yi dama, yana tafe kusa da bango, bokitin a rungume a ƙirji. Na bi shi da ido har kwana ta ɗauke shi.

Na dawo na zauna a ƙasa inda yake zama. Ruwan da soson ya ɗiga ya yi layi a kan tabarma tun daga tanki har ƙofar ɗakinsa. Gilashin baya ya yi kore shar, ga yatsun Dogo sun yi shati a na gaba, ga tsumma a hannun kujera kusa da ni. Na tusa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyoyina na danne. Ƙaramin na gefen yana nan manne, bakinsa yana motsi, ni kuma ina sauraron matattakala.